Ku Tambaya, Mu Amsa: Wane Amfani Jami'a Za Ta Yi Wa Unguwar Talakawa?

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan watan daga ƙungiyoyin unguwa suke, sai guda ɗaya daga wani malamin jami'a. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu. Duk shekara ɗalibai na shigo mana da takardun tambayoyi: ku nawa ne a gidan, sau nawa kuke ɗora tukunya, ina kuke samun ruwa. Mu ba su amsa, su tafi, shiru kake ji. Yanzu har mutane sun fara rufe musu ƙofa. Ga shi daminar da ta wuce mun sha fama da amai da gudawa, muna zargin ruwan da muke saye. Yaya za mu yi wannan ilimin ya amfane mu?
Daga sakataren wata ƙungiya, Kurna, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Mutanenku ba su yi laifi ba. Ɗalibin da ya zo muku ɗan ajin ƙarshe ne, maki yake nema, malaminsa ne ya ba shi batun, kuma da zarar an ɗinke kundin an sa hannu sai a kai shi kanta ya kwanta. Ba wanda ya shar'anta masa ya dawo muku da abin da ya gano. Maganin abin shi ne tambayar ta fito daga wajenku, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada ku rubuta wa shugaban jami'a kuna neman "taimako". Irin wannan wasiƙa yawo take yi daga tebur zuwa tebur har ta ɓace. Ku rubuta wa shugaban sashen da aikin ya shafa kai tsaye, shafi ɗaya, da buƙata ɗaya. Gwajin ruwa aikin sashen nazarin ƙananan halittu ne ko na kiwon lafiyar al'umma. Taswirar unguwa da hanyoyin ruwan sama aikin sashen labarin ƙasa ne ko na tsara birane. Ku sa hannun mai unguwa a wasiƙar, ku kai ta da kanku, ku nemi a haɗa ku da malami guda da za ku riƙa kira da sunansa. Ku je a farkon zangon karatu, lokacin da ake raba wa ɗalibai batutuwan bincike. In kun makara, sai wata shekarar.

Idan sun amince, a rubuta yarjejeniya ko da ta shafi ɗaya ce: me za a gwada, wa zai biya kuɗin sinadarai da na mota, yaushe za a kawo sakamako, kuma za a karanta shi da Hausa a gaban jama'a, a bar muku kwafi. Ku sa ran kuɗin sinadaran a kanku zai faɗa, domin sassa da yawa suna da na'ura da ƙwararru amma ba su da kuɗin kayan aiki. Ku kuma bar sarari a lissafin lokacinku. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ɗauka, duk aikin da aka rataya a kalandar jami'a ya tsaya cak.

Sai batun ruwan kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗebi ruwa a bakin burtsatse kawai, a gwada, a ce lafiya lau. A ɗiba a wuri uku: a bakin rijiyar ko burtsatsen, a jarkar ɗan garuwa bayan ya turo kurarsa cikin lungu, sannan a randar gida. Sau da yawa ruwan yakan fito da tsabta, a hanya yake gurɓata: jarkar da ta yi gansakuka a ciki, murfin da aka maye gurbinsa da leda, moɗar da yaro ya ajiye a ƙasa sannan ya tsoma a randa. In ba a gwada wuraren uku ba, za a kama sunan mai burtsatse a banza, ko a wanke shi alhali laifinsa ne.

Kwalbar ɗibar ruwan daga ɗakin gwaje-gwaje za ta fito, wadda aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Robar lemo da aka ɗauraye ba ta yi. A bar famfon ya zuba na minti biyu ko uku kafin a tara, kada yatsa ya taɓa bakin kwalbar ko cikin murfin, a rubuta wuri da lokaci a jiki, a sa a kula mai ƙanƙara, a kai cikin awa shida. Abin da ake nema shi ne ƙwayar E. coli, wadda ganinta ke nuna bayan gida ya shiga ruwan. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. In adadin ya haura 100 a wannan ma'aunin, haɗarin babba ne, a daina shan ruwan haka nan tun daga ranar. A yi gwajin sau biyu, da rani da kuma tsakiyar damina, domin rijiyar da ta ci jarrabawa a watan Maris tana iya faɗuwa a Agusta idan ruwan ƙasa ya taso ya haɗu da masai.

Ku roƙi ɗaliban su auna tazarar kowace rijiya da masai ko sokawe mafi kusa. Mita 30 ake so. A unguwar awon igiya, inda bangon wannan shi ne bangon wancan, mun san da wuya a samu haka, shi ya sa sauran matakan suke da nauyi: daɓen simintin da ke kewaye da bakin burtsatsen kada ya tsage, kada kwatami ya kwanta a gindinsa, kuma a tambayi wanda ya haƙa ko ya zuba siminti ya toshe kewayen bututun daga sama. Masu haƙa na araha sukan tsallake wannan, sai ruwan kwata ya bi jikin bututun ya gangara. A gida kuma a tace ruwan in ya yi gurɓi, a sa kulorin gwargwadon yadda aka rubuta a jikin maganin, a jira minti 30 kafin a sha.

Da takardar sakamako mai hatimin jami'a a hannunku, zancenku da ƙaramar hukuma ko da mai burtsatse ya tashi daga ƙorafi ya koma hujja. Ku kira 'yan garuwa zaman karanta sakamakon, cikin mutunci. Su ma talakawa ne masu neman abinci, kuma wanke jarka a hannunsu yake.

TAMBAYA: An ce mana ba wanda zai yi hulɗa da mu sai mun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa. Mu 'yan ƙungiyar matasa ne, kuɗinmu bai taka kara ya karya ba. Dole ne?
Daga wani matashi, Unguwa Uku, Kano

AMSA: Ɗan'uwa, ya danganta da abin da kuke nufin yi. In yashe kwata ne da darasin yamma ga yara, rajistar ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar jiha ta wadatar, kuma sashen jami'a zai saurare ku da ita. In sana'a ce da tara jari, rajistar ƙungiyar gama-kai ta fi dacewa da ku, a jiha ake yin ta, da mutum goma zuwa sama. Rajistar CAC tana zama dole ne ranar da za ku karɓi tallafi daga babbar ƙungiya ko ku mallaki fili da sunan ƙungiyar. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 za ku naɗa amintattu aƙalla biyu, ku rubuta kundin tsarin mulki, a buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko akwai mai ja. Banki zai nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin asusun ya yi aiki yadda ya kamata. Inda ƙungiyoyi ke faɗuwa shi ne bayan an karɓo satifiket a manta da rahoton shekara-shekara, tara ta yi ta taruwa, sai ranar da mai ba da tallafi ya duba ya ga ƙungiyar ba ta da rai a rajista. Kuma kada ku sa sunan babban mutum a amintattu don ado. Ranar da ake buƙatar sa hannunsa za ku yi wata kuna bin ƙofarsa.

TAMBAYA: Mu mata ne ashirin masu ƙananan sana'o'i, ƙosai, awara, ɗinki, kitso. Sau biyu adashinmu yana rushewa, wadda ta kwasa da wuri sai ta daina zubi. Mun ji ana wani tsari na akwati, amma muna tsoron riba. Ku yi mana bayani.
Daga wata uwar adashi, Gusau

AMSA: Hajiya, tsarin da kika ji labari a ƙasar Hausa aka haife shi. Ƙungiyar agaji ta CARE ce ta fara shi da matan yankin Maraɗi a Nijar a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu a ƙasashen Afirka da dama. Bambancinsa da adashi shi ne ba mai kwashe kuɗin gaba ɗaya ta tafi. Kuɗin na zama a akwati, ana ba da rance daga ciki, a ƙarshen zango a raba.

Ga yadda ake kafa shi. Mata 15 zuwa 25 waɗanda suka san juna. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma a ɗakin ta huɗu wadda ba ta da makulli. A zaɓi shugaba, marubuciya da masu ƙirga kuɗi biyu. A tsayar da farashin zubi ɗaya, a ce naira 500, kowace mace tana iya zuba ɗaya zuwa biyar a mako gwargwadon cinikinta, a buga mata hatimi a ɗan littafinta, hatimi ɗaya zubi ɗaya, ta yadda ko wadda ba ta yi boko ba za ta ƙirga nata. Rance kada ya wuce ninki uku na abin da mace ta tara, a biya cikin wata uku. A ware wata 'yar jaka daban ta taimakon juna, ta rashin lafiya da gobara da rasuwa, kada a taɓa haɗa ta da jarin. Ba a buɗe akwati sai a gaban kowa, kuma a ƙarshen kowane zama a faɗi abin da ya rage da babbar murya, mako mai zuwa a tambayi mata kafin a buɗe.

Batun riba kuwa tsoronki yana kan hanya, domin a wurare da yawa ana ɗora kaso a kan rancen. Akwai mafita biyu. Ko dai a ba da rance ba ƙari, abin da aka karɓa shi za a mayar, ko kuma a yi murabaha: mai ƙosai na son buhun wake da jarkar mai, ƙungiya ta aiki mata biyu kasuwa su sayo, kayan su zama na ƙungiya, sannan a sayar mata a farashin da aka yi yarjejeniya, ta biya kaɗan-kaɗan. Farashin ba ya ƙaruwa ko ta yi jinkiri. Inda ake zamewa shi ne a miƙa mata tsabar kuɗi a ce ta je ta saya da kanta ta dawo da ƙari, wannan an koma gidan jiya, suna kawai aka canza. Ku zauna da malamin da kuka yarda da shi kafin ku rubuta dokokinku. Jami'ar Bayero tana da cibiya ta musamman kan harkar banki da hada-hadar kuɗi ta Musulunci, kuma kusan kowace babbar makaranta tana da sashen akanta da za ku iya roƙo ya turo ɗalibai mata biyu su duba muku littafi duk wata uku.

Ranar rabo, bayan wata 9 zuwa 12, a karɓo duk bashi, a ƙirga kuɗin, a raba da jimillar hatimai. Misali, in hatiman kowa da kowa sun kai 2,400, kuɗin akwati kuma naira 1,320,000, kowane hatimi ya zama naira 550. Mai hatimi 150 za ta tafi da 82,500. Ku daidaita ranar rabon da lokacin da kuɗin zai fi yi muku aiki, kamar kaka da hatsi ke araha ko gab da azumi. Da tsadar kayan da ake ciki, kuɗin da ya wuce shekara a kwance a akwati zagwanyewa yake yi. Idan ya yi yawa kuma, haɗari ne ga mai ajiyar, ku buɗe asusu mai sa hannun mutum uku.

TAMBAYA: Ina koyar da ilimin zamantakewa. Kullum ana cewa aikin jami'a uku ne, koyarwa, bincike da hidimar al'umma, amma a ƙarin girma maƙala ake ƙirgawa. Wata ƙungiya ta roƙe ni in taimaka mata fitar da jerin mabuƙata a unguwanni biyu saboda rabon kayan azumi. Ta ina zan fara, kuma da wane kuɗi?
Daga wani malamin jami'a, Sakkwato

AMSA: Malam, Allah ya ƙara basira. Gaskiyarka ce game da ƙarin girma, kuma a ganinmu aibi ne da ya kamata majalisun jami'o'i su gyara. Manomi yana da hanyar da ilimin jami'a ke isa gare shi, ga cibiyar binciken noma ta Samaru da NAERLS, cibiyar isar da ilimin noma ga manoma, a Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗaliban likitanci ma suna fita, kamar yadda na Kano ke zuwa cibiyar lafiya ta Kumbotso. Talakan birni, mai haya a ɗaki ɗaya, shi ne ba a gina masa irin wannan gadar ba, alhali ƙididdigar talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna kashi 42 cikin ɗari na mazauna birane suna ciki.

Kafin a gyara, ka saka aikin a cikin kwas ɗin da kake koyarwa, ya zama yana da maki. Haka Jami'ar Nazarin Ci Gaba da ke Tamale a Ghana, wadda aka kafa a 1992, take yi: zango na uku na shekara ɗalibai a cikin al'umma suke yin sa, kuma ana ba su maki a kai. Kuɗi kuma ka nemi tallafin binciken cikin gida na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta hannun kwamitin bincike na jami'arku. Ka bi ta kwamitin ɗa'ar bincike tun farko, in ba haka ba mujallar kirki ba za ta buga maka abin da ka samo ba.

A jerin mabuƙata, abu na farko shi ne ma'anar "gida". Ka ƙirga masu ci daga tukunya ɗaya, kada ka ƙirga ƙofar zaure. Gidan haya guda yana iya ɗauke da iyali goma, in aka bi ƙofa sai a ba mai gidan a bar 'yan hayar, su kuwa su ne suka fi buƙata. Mai unguwa ya fi sanin 'yan asalin wuri, don haka jerinsa shi kaɗai zai zubar da baƙi, da waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, da zawarawan da ke riƙe da marayu a ɗakin aro. Ka bi salon da aka yi amfani da shi wajen haɗa rajistar mabuƙata ta ƙasa: maza su zauna daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi alamomin da yake gane talaka da su, ya kawo sunaye, sannan a haɗa. Sunan da ya fito a jeri biyu ko uku ya shiga, wanda ya fito a ɗaya ɗalibai su je su gani da ido. Ɗalibai su fita bibbiyu, kuma mata ne za su shiga cikin gida. Namiji a zaure zai tsaya, abin da maigida ya ga dama shi zai ji.

Kada ɗalibi ya yi wa kowa alkawari. Kada a ɗauki hoton mai karɓa. Sunaye da lambobin waya amana ce, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanka, kuma jerin irin wannan in ya faɗa hannun 'yan siyasa ko 'yan damfara, unguwar ba za ta sake buɗe wa ɗalibanka ƙofa ba. Ka bar fayil ɗin a sashe, ajin baɗi ya ɗora daga inda na bana ya tsaya.

TAMBAYA: Ɗana yana tuƙa Keke Napep na wani, ana biya a hankali. Ya yi rashin lafiya, balas na mako shida ya taru. Mai keken ya kai ƙara, da ba a sami yaron ba aka tafi da ƙanensa, yau kwana uku. Ba mu da kuɗin lauya. An ce ɗaliban shari'a suna taimakawa kyauta, da gaske ne?
Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya

AMSA: Baba, Allah ya kawo mafita, ya ba yaron lafiya. Doka tana gefenki ta fuska uku. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 36, ta hana a kama wani a madadin wani. Sashe na 32 ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Tsarin mulki kuma, sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Abu ɗaya za ki tabbatar: keken yana nan? In yaron ya sayar da shi ko ya cire kayansa, magana ta koma cin amana, wannan laifi ne da za a tuhume shi a kai. Ko a hakan ma shi za a nema, ƙanensa ba ruwansa.

Da gaske ne tsangayoyin shari'a da yawa suna da ofishin taimakon jama'a da ɗalibai ke gudanarwa ƙarƙashin kulawar malami lauya, kuma tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo take, kusa da ke. Ki san iyakarsu: ɗalibi ba ya tsayawa a gaban alƙali. Abin da za su yi shi ne su rubuta takardar koke zuwa ga difi'o ko kwamandan yanki, su raka ki, su zaunar da ku da mai keken a yi sulhu, in abin ya fi ƙarfinsu su haɗa ki da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. In kin tarar ana hutu, ki wuce waɗannan hukumomin kai tsaye, kada ki jira a dawo.

Ki tafi da takardar yarjejeniyar keken, da littafin da ake rubuta balas ko saƙonnin tura kuɗi na waya, da katin asibiti, ki kuma rubuta ranar da aka tafi da ƙanen da lokacin. A wajen sulhu ki nemi a lissafa duk abin da ɗanki ya riga ya biya tun farko, domin yawancin rigimar nan a kan wannan take: mai keke ya karɓe abinsa, kuɗin wata goma ya bi ruwa. A rubuta sabon jadawalin biya da adadin mako-mako da yaron zai iya, shaidu biyu su sa hannu, ɗaya daga ƙungiyar direbobin tasharsu, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.